Wata huɗu ina neman mai saye: yadda na rabu da motata Mustang a Kano

A watan Disamba na 2024 na sayar da motata ƙirar Ford Mustang GT ta 2015, bayan na shafe wata huɗu ina fama da dillalai da masu tayi da zirga-zirgar ofisoshi. Tun daga lokacin mutum uku suka neme ni suna tambayar yadda na yi, domin su ma suna riƙe da motocin da suka narka wa kuɗi suka sauya musu kayan ciki, yanzu kuma sun rasa yadda za su rabu da su. Na ga gara in rubuta abin daki-daki yadda ya faru, da kuɗin da na kashe da kurakuran da na tafka, saboda sayar da irin wannan mota ba ɗaya ba ne da sayar da Corolla, wadda za ka ajiye a bakin titi da hantsi a biya ka kafin la'asar.

Na sayi motar a 2019, aka sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas, lokacin dala tana naira 360, kuma duka da kuɗin jirgi da na fito ta tsaya mini a naira miliyan 12. Injinta mai silinda takwas ne, lita 5, wanda ake kira Coyote, kamfani ya fitar da shi da ƙarfin doki 435, giyarta kuma ta hannu ce mai hawa shida. Mai hankali zai ce wannan ya isa, amma ni a lokacin bai ishe ni ba. Tsakanin 2020 da 2021 na ɗora mata sufacaja ta kamfanin Roush, wato na'urar da bel ɗin inji ke juyawa tana danƙara iska cikin silinda fiye da yadda injin zai iya zuƙa da kansa, wadda masu ita suka ce tana kai ƙarfin motar doki 670. Wanda ya ƙara iska dole ya ƙara mai, don haka aka sauya injekta, aka sake tsara ƙwaƙwalwar motar, daga baya kulochi ya fara sulɓewa aka sa mai ƙarfi. Na sauya salansa, na rage mata tsayi, na sa manyan ƙafafu masu inci 20, sannan na sa aka liƙe jikinta da ledar ado mai ruwan toka a kan baƙin fentinta na asali. Duka wannan ya ci kusan dala 15,000. Abin da ya raba ni da ita kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har tana neman naira 1,000, tankin motar yana cin lita 60 da ɗoriya, kuma idan ƙafarka tana da nauyi ba ya kai maka kwana huɗu a cikin gari. Ga shi an yi mini haihuwa ta uku, mota kuma mai ƙofa biyu ce.

Kuskurena na farko a wajen sa farashi ne. Na zauna da takarda da biro na haɗa kuɗin saye da kuɗin kowane ƙarfe da na ɗora, na juya su zuwa canjin ranar, sai lissafi ya ba ni abin da ya haura miliyan 70, na ce to na yi rangwame, zan nemi 45. A ƙarshen watan Agusta na kai ta wurin wani tsohon dillali a kan titin Maiduguri wanda mahaifina ya daɗe yana hulɗa da shi. Ya zagaya ta sau biyu, ya sa na buɗe bonet, ya daɗe yana kallon sufacajar nan da ta zauna a kan injin kamar an kifa tukunya, sannan ya ce, “Ɗana, da ka kawo mini ita yadda kamfani ya ƙera ta, da na fi saurin sayar maka da ita. Mutumin Kano in ya ji an taɓa inji, ba ya jin an ƙara ƙarfi, ji yake an ɓoye wata cuta.” Ya ce idan kuɗi nake so a hannu yana da mai ba da miliyan 24, idan kuma ajiyewa zan yi, la'adarsa kashi biyar cikin ɗari ce, ba ya kuma yi mini alkawarin wata ko shekara. Na ce, “Baba, albarka,” na ja motata ina jin haushinsa, alhali duk cikin waɗanda na yi magana da su a wata huɗun nan babu wanda ya faɗa mini gaskiya tsirararta kamarsa. Daga nan na yanke shawarar sayarwa da kaina.

Sai na koma kan takardu, kuma a nan ne na ci mafi yawan wahalar da da na yi tanadi ban sha ta ba. Duk mai sayen babbar mota a ƙasar nan takardun kwastam yake fara tambaya, musamman tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, domin kowa yana tsoron a tare shi a hanyar Kaduna a ce ba a biya wa motarsa fito ba. Da na buɗe fayil ɗina sai na tarar takardar bayanin kaya da ta ƙiyasin haraji suna nan, amma rasit ɗin biyan kuɗi na banki hotonsa kawai nake da shi, na asalin ban san inda na jefa shi ba. Wani ya ce in ba shi dubu hamsin ya je ya tantance mini, na ce zuwa da kai ya fi aike. Na tafi ofishin kwastam na shiyyar Kano da Jigawa da wasiƙar neman tantancewa da kwafin takardun da katin shaidata na ɗan ƙasa, na isa ƙarfe tara, na tarar da mutane a gabana, ban samu shiga ba sai wajen sha biyu. Jami'in ya shigar da lambar takardar a kwamfuta, ya gwada ta da lambar shasi mai harufa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya ce komai ya dace kuma an biya fito cikakke. Sai da na fito na lura hannuna ya jiƙe da gumi, domin shekara biyar ina hawan motar ban taɓa bincika ko wakilin da ya fito da ita ya biya abin da ya ce ya biya ba.

Lasisin motar da takardar lafiyarta da inshora duk sun ƙare, saboda ta yi watanni a ajiye. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, na biya, na kuma danna *565*11# a waya na tabbatar ta shiga rumbun bayanan inshora na ƙasa, domin ta bogi ta yi yawa a bakin ofisoshi. A wajen duba lafiyar mota ne aka tsayar da ni. Jami'in ya dubi takarda ya dubi mota, ya ce, “Malam, takarda ta ce baƙa, ni kuma ruwan toka nake gani.” Na yi masa bayanin cewa leda ce aka liƙa, fentin yana ƙasa, ya ce ya gane, amma shi abin da ido ya gani yake rubutawa, don haka ko dai in bi hanyar sauya launi a hukumance, da rantsuwar kotu da sanar da 'yan sanda da gyara bayanan rajista, ko kuma in ɓare ledar. Gaskiyarsa ce, kuma na yi mamakin yadda na yi shekara uku ina wuce shingayen bincike ba a kama ni da wannan ba. Na zaɓi ɓarewa. Yara biyu suka kwana biyu a kanta da na'urar hura zafi, suna ɗaga ledar kaɗan-kaɗan tana miƙewa kamar danƙo, ƙofofi da bonet suka fito sumul sai ƙyalli, amma da aka zo kan bambar gaba da gefen rufi, inda ranar Kano ta fi dukanta, sai ledar ta taho da fatar fentin, wurin ya yi dabbare-dabbare. Aikin ɓarewa da sake fesa wuraren ya ci naira 260,000 da mako guda. Baƙin gilashin ma na sa aka cire, don kada in gadar wa mai saye rigimar takardar izini.

Kafin in yi talla na kai ta garejin bakanikena muka yi mata binciken da na san duk mai saye na gaske zai yi. Ya auna matsin kowace silinda ya rubuta, ya duba man sufacaja da bel ɗinta, ya gwada ƙaramin famfon da ke zagaya ruwan sanyaya iskar da ake danƙarawa, ya sauya fulogi. Akwai matsala guda da na san ba zan ɓoye ba. Tsarin da aka fara sa wa ƙwaƙwalwar motar an yi shi ne don man Amurka mai daraja 93, man da muke samu a gidajen mai kuwa bai kai nan ba, don haka idan aka taka ta sosai cikin zafin Afrilu, injin yakan yi wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, wadda idan aka yi wasa da ita fistin take fasawa. Saboda haka na sa aka yi mini tsari na biyu mai sauƙi, ina kuma zuba maganin ƙara darajar mai a kowane tanki. Duka tsare-tsaren, har da na asali na kamfani, suna cikin wata 'yar na'urar hannu ta kamfanin SCT wadda ke ɗaure da motar, kuma wanda ya sayar da irin wannan mota bai haɗa da na'urar ba ya cuci mai saye. Na tattara rasit ɗin kowane kaya da ranar da aka ɗaura shi da yawan tafiyar da maleji ya nuna a ranar, na jera su a fayil guda. Kayan asali da na cire kuwa, na samu murfin shigar iska da sifirin da ƙafafu huɗu a sito, amma salansar asali na riga na sayar da ita a Ƙofar Ruwa da arha tun 2021, abin da na yi nadamarsa daga baya.

A tsakiyar Satumba na sa hotuna a Instagram da Facebook da shafin saye da sayarwa na Jiji, na rufe lambar motar, na rubuta miliyan 45. Wayata ba ta huta ba, amma cikin kira goma, tara samari ne masu son a tayar musu da ita su ɗauki bidiyon ƙarar salansa. Wani ya ce zai ba ni fili a bayan gari da Camry da cikon miliyan biyar. Cikin mako biyu na ga hotunan motata a shafukan dillalan da ban taɓa gani ba, wani ya sa miliyan 52, wani 38, har wani mai saye ya kira ni yana faɗa wai na yi masa farashi biyu. Akwai kuma wanda ya yi magana da ladabi ƙwarai, ya ce yana Abuja zai turo kafin alƙalami miliyan biyu, can sai ga saƙo a wayata na miliyan biyu da rabi, ya kira a gigice wai yaronsa ya yi kuskure, in taimaka in mayar masa da dubu ɗari biyar. Na buɗe manhajar banki na ga ko kwabo bai shiga ba, na ce masa ya jira kuɗin su sauka, daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba. Tun daga nan na kafa wa kaina sharuɗɗa, cewa ba a gidana za a ga mota ba sai a gareji, da rana, ƙanena yana wurin, kuma ba wanda zai riƙe sitiyari sai wanda ya nuna lasisin tuƙi muka kuma yi nisa a maganar kuɗi.

Mutum na farko da ya zo da kuɗi na gaske wani Alhaji ne ɗan kasuwar Kantin Kwari, tare da ɗansa wanda bai wuce shekara 19 ba. Yaron ne ya ga tallar, kuma shi za a saya wa, kyautar kammala sakandare. Alhajin bai ko kalli injin ba, ya taya miliyan 36, wanda ya fi duk abin da aka taɓa taya mini. Na tambayi yaron me yake tuƙawa, ya ce motar mahaifiyarsa mai giyar kanta, bai taɓa taka kulochi ba. Na ɗauki Alhajin shi kaɗai muka hau titin Zariya, na bari muka wuce cunkoso, na sa giya ta biyu na taka rabin totur, bayan motar ya ɗan yi wutsiya kafin tayoyin su kama, na ga ya dafe gaban mota da hannu biyu yana salati. Da muka tsaya na ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, wannan rabi ke nan. Ni ba zan so a ce ta hannuna wani abu ya sami yaron nan ba.” Ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya yi mini albarka, suka tafi yaron yana harara ta. Na kwana ina juyi a kan miliyan 36 ɗin nan, ba zan ce ban yi ba, kuma har watan Nuwamba ya kama ba wanda ya sake matsowa kusa da ita.

Na sauke farashi zuwa 38, na kuma sake rubuta tallar gaba ɗaya, na jera duk abin da aka sauya da maganar mai da tsare-tsaren biyu, na ce akwai rasit da kayan asali. Kira ya ragu ƙwarai, amma waɗanda suka kira sun san abin da suke tambaya. Cikinsu akwai wani injiniya daga Kaduna mai kimanin shekara 45, wanda ya taɓa riƙe irinta lokacin da yake aiki a waje. Ya zo ranar Asabar da bakanikensa da na'urar binciken kwamfuta, suka yi awa uku a ƙarƙashin motar da cikinta, suka sake auna matsin silinda suka gwada da abin da muka rubuta, shi kuma ya zauna a kan benci yana karanta fayil ɗin nan shafi-shafi. Washegari da sassafe muka fita gwaji, ni na fara tuƙawa sannan na ba shi. Sanyin hunturu ya fara sauka, iska mai sanyi kuwa ita injin mai sufacaja yake so, don haka motar ta yi lafiyar da ta fi ta kullum, na kuma gaya masa kada ya auna ta da wannan safiya, ya jira watan Afrilu. Ya yi dariya ya ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ya taya 30, yana kafa hujja da rashin salansar asali da tayoyin baya da suka kusa ƙarewa, na ce albarka, muka yi ta ja har azahar, muka tsaya a 33 tare da duk kayan da ke sito, na ce na sallama. Ya ba da kafin alƙalami miliyan ɗaya, muka rubuta cewa cikon zai zo cikin mako guda.

Takardar ciniki ban yarda a rubuta ta a kan bonet ba. Na biya lauya naira 80,000 ya tsara ta, da sunayenmu da lambobin shaidarmu, da lambar shasi da ta inji, da abin da maleji ya nuna, da farashi, sannan wani sashe da ya lissafa kowane sauyi da kowane aibi da na sani, ya kuma bayyana cewa mai saye ya gani ya bincika ya yarda. Wannan sashe ya fi komai muhimmanci a wurina, domin a shari'a mai saye yana da damar mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa, motar da aka ƙara wa ƙarfi haka kuwa ba wanda zai rantse a kan gobenta. Shaidu biyu suka sa hannu, ƙanena da bakaniken mai saye. Wajen biya injiniyan ya so ya kawo wani kaso a jaka, na tuna masa cewa dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan biyar ba ta hanyar banki ba. Muka tafi bankinsa a titin Murtala Muhammad ranar Talata da safe, ya cike takardar tura kuɗi saboda adadin ya wuce iyakar manhajarsa, muka zauna kusan awa biyu, ban kuma miƙa makulli ba sai da na tsallaka bankina aka buga mini bayanin asusu na ga kuɗin a rubuce. Daga nan muka je kotu na yi rantsuwar cewa na sayar da motar, wadda ba ta kai awa ɗaya ba, na ba shi takardun asali na riƙe kwafin kowace. Lambar motar kuwa cire abata na yi, tunda da sunana take a rajista, shi zai yi sabuwa a Kaduna, domin ba na son wata rana a buga wani a gudu a zo ana neman mai lamba.

Wanda ya ji na saya miliyan 12 na sayar 33 zai ce na ci riba, amma ranar da aka biya ni dala tana wajen naira 1,650 a kasuwar canji ta Wapa, wato abin da na karɓa bai wuce dala 20,000 ba, a kan motar da ta ci mini kusan 48,000. Kuɗin da aka kashe wajen ƙara wa mota ƙarfi ba ya dawowa, don haka mai sayarwa ya fara da farashin irinta da ba a taɓa ba, idan ya samu ɗan ƙari a kai ya gode wa Allah. Da zan sake, da zan gama da kwastam da lasisi da maganar launi tun kafin kowa ya ga hoto, da ba zan sayar da ko kusa ɗaya na kayan asali ba, da kuma tun ranar farko zan rubuta tallar da ta faɗi komai, domin wata biyun da na ɓata ina amsa wayar 'yan kallo sun tafi ne saboda na yi tallar da ke burge yara maimakon wadda ke amsa tambayar mai saye. Duka abin da na kashe a kan takardu da fenti da bakanike da lauya ya kusa naira 600,000, wanda ya kamata mutum ya ware tun farko.

A kan babbar motar ɗaukar motoci aka tafi da ita, kuma sai da aka jera katakai biyu kafin ta hau saboda bambar tana gogar ƙarfe. Bayan mako uku injiniyan ya kira ni da daddare ya ce bel ɗin sufacaja ya fara kuka idan an tayar da ita da sanyin safiya. Na ce ya duba shafi na huɗu a fayil ɗin, akwai lambar bel ɗin da ranar da aka sa shi, sabo kuma yana cikin kwalin da ke ɗauke da sifirin na asali. Na ji yana buɗe takardu, can ya ce ya gani, ya tambaye ni iyali, muka yi sallama.